Gemun Mubarak

A Gyadi-Gyadi suka fara haɗuwa, ranar da wata budurwa ta shigo shagon gyaran wayar Zakariyya ta tsaya kallon fuskarsa, har ya manta da wayar da yake kwancewa. Shi dai ya ɗauka so ne ya biyo shi har shago.

"Malam, don Allah ka bari in ɗauki hoton girarka," ta ce.

Sunanta Jannat, 'yar Tarauni. Aikinta dasa wa mutanen katun, wato fim ɗin zane, gashi a kwamfuta. Takan shata inda zai tsiro, kwamfuta ta feso dubban silin gashi, ita kuma ta bi ta taje, ta datse, ta kwantar. Daga hoton gira aka koma musayar lamba, daga nan sai zance a ƙofar gida.

Sai dai Zakariyya, bawan Allah, ya haura talatin amma haɓarsa sumul kamar bayan cokali. Da maganarsa ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Inuwa, sai ya ce, "Wannan yaron da ko gemu bai tsirar ba, ina shi ina riƙon gida? Ga Mubarak, ɗan aminina."

Mubarak ɗin nan kuwa abokin aikinta ne, mai gemu baƙi sidik, kuma gemunsa take kwaikwaya wa jarumin wani talla. Duk zuwan da Zakariyya zai yi, sai ya tarar da ita da kwamfuta a cinya tana taje gemun nan sili-sili, har da ɗan murmushi. Kishi ya ci shi ya cinye. Ya je Unguwa Uku ya sayo man tsirar da gemu, ya shafa, ya wayi gari da ƙuraje.

Ranar ya rubuta mata: "Jannatina, tunda gemu ake aure a gidanku, na haƙura. Allah ya bar ku tare."

Ta amsa: "Zakina, ka zo da yamma. In ba ka zo ba, ni zan zo shagon."

Ya zo fuska a ɗaure. Ta juyo masa da kwamfutar, ta danna. Gemun da ta daɗe tana wahala a kansa ya ɓace ɗungurungum.

"Mayar da shi mana! Za su kore ki."

"Su kora. Aiki ne, ana samun wani. Kai fa, ina zan samo wani?" Idonta ya kawo ruwa. "Kullum kana kallon haɓar wani, ba ka taɓa duba inda nake kallo ba. Ka turo manyanka."

Kunya ta rufe shi, ya kasa ɗaga kai.

Ranar Asabar Baffa Garba, ɗan'uwan mahaifin Zakariyya, ya zo da ƙannensa biyu, dattawa masu furfura a ka da carbi a hannu. Alhaji Inuwa ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu mai ko sili a haɓa. Ya yi ta maza, ya yi ta maza, can dariya ta ƙwace masa.

"Ashe gado ne. Shekararsa nawa?"

Baffa Garba ya ce, "Talatin da biyu, Alhaji. Shi ya aurar da ƙannensa mata."

Alhaji ya ce, "Na yi masa kallon yaro. Na ba shi."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Mubarak ya zo gemu na ƙyalli, ya nemi hoto da amarya. Ango ya ce babu komai, ya shiga tsakaninsu ya tsaya ƙyam. Jannat ta sunkuyar da kai cikin mayafi tana dariya, ta laluɓo hannunsa ta riƙe.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba, masu gemu da marasa shi.