Ɓawon Wake a Gaban Tunkiya

Da hantsi Zulai ta faɗo ofishin 'yan sanda na Gwandu, mayafi a hannu, tana haki.

"Yallaɓai, an kashe ni! An fasa min rumbu, an kwashe wakena kaf, ko casa shi ban yi ba!"

Sufeto Sirajuddeen ya miƙe zumbur. Ya san waken, sabon irin nan ne da masana suka sauya wa halitta don kada tsutsa ta ci shi. Duk ƙauyen Maruda Zulai kaɗai ta yi kasadar shuka shi, kuma shi ne abincin marayunta na shekara.

Sufeto ya fara dira Kalgo, shagon Haruna mai maganin feshi.

"An ce wanga wake ya kashe maka kasuwa."

"Ya taɓa ni, Yallaɓai, mai shi ba ya yawan feshi. Amma sauran na zuwa. Ko Malam Zayyanu, maƙwabcin Zulai, ya sha saye bana, tsutsa kuma ta cinye gonarsa tas."

Sai Maruda. Zayyanu ya tarbe shi da wa'azi, bakinsa har kumfa.

"Ni da waken Turawa? Allah ya kiyaye! Ko 'yan kasuwa ƙyamarsa suke. Wa ya san abin da zai yi wa jikokinmu? Kuma a ce manomi sai ya sayi iri?"

"Tambayoyinka da nauyi, Malam. Naka waken fa?"

"Alhamdulillahi, na samu."

Kai, ƙarya ba kunya! Sufeto ya zagaya turken dabbobi. Tunkiya na ta ɓurmusar ɓawon wake. Ya duƙa ya ɗebo, ya juya shi ciki da baya. Sumul, ko huda ɗaya babu!

"Bana ɓawon kowa ya sha huda, Malam. Wannan daga ina?"

Gumi ya keto wa Zayyanu. Waken ya casa shi ya ɓoye cikin tukwane, amma wane manomi ne zai iya zubar da ɓawo yana da tunkiya a turke?

"Ni ne, Yallaɓai. Na yi ta zaginsa a majalisa, kunya ta hana ni sayen irin. Gidana ko tiya babu."

Aka fito da waken, Zulai ta rungume tukunya tana kuka. Ankwa ta yi ƙas. Har an kai shi bakin mota, Zayyanu ya waiwayo.

"Zulai, don Allah, ki rage wa yarana irin baɗi."