Sarƙa a Ƙafar Auta

Jaririn ya daɗe yana tsala ihu a kan gado, har muryarsa ta fara dusashewa. Auta na zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta ƙura wa ƙafar tebur ido kamar ba a ɗakin ake kukan ba. Shayin da mijinta ya haɗa mata kafin ya tafi shago yana nan a gefenta, ya huce, har ƙuda ya faɗa ciki.

Haka Mama, uwar mijinta, ta ɗaga labule ta same su.

"Ke! Kurma ce ke? Ba ki jin yaron nan?"

Auta ta ɗago kai a hankali. "Mama, don Allah kada ki miƙo min shi. Tsoron hannuna nake ji."

"Tsoron hannunki? Yesu ka cece mu!" Mama ta suri jikanta ta rungume, tana jijjiga shi tana harararta. "Dama tun ranar da aka kawo ki jikina bai ba ni ba."

A coci aka san Auta da murya, ita ke jan waƙa ranar Lahadi. A can mijinta, Mai Walda, ya fara ganinta, lokacin da aka ba shi aikin tagogin cocin. Aikin da ba ya wuce mako ya ja shi ya ja shi, har Fasto ya tambaye shi ko ƙarfen ne ya ƙi narkewa. Auta marainiya ce, uwarta ta rasu tun tana ƙarama, ubanta kuma ya tsufa a can nesa. Mama ta so a ce ɗanta ya auro 'yar dangi, amma da ya kafe ta ƙyale shi, sai dai ba ta taɓa kiran Auta 'yata ba.

Da aka haifi yaron, murna ba ta daɗe ba. Auta ta daina barci, ta daina cin abinci. Wani lokaci ta yi ta kuka ba dalili, wani lokaci ta ce tana jin ana raɗa mata cewa ita ba uwar kirki ba ce, za ta cuci ɗanta.

Da yammacin ranar da Mama ta same su a haka, Mai Walda ya dawo ya tarar da Mama da Yaya, babbar yayarsa, sun kafa kujeru a falo suna jiransa.

"Zauna," in ji Yaya. "Matarka ba ita kaɗai ba ce a jikinta. Mugun ruhu ne, kowa ya gani ya sani. Akwai wani Mai Wahayi da na sani, gidan addu'arsa ba a shiga da irin wannan a fito da shi."

"Yaya, gajiya ce kawai. Ko mu fara gwada asibiti..."

"Asibitin mahaukata?" Mama ta dafe ƙirji. "So kake a riƙa nuna mu da baki a coci? A ce jikana ɗan mahaukaciya ne? Ko ka daina yarda da addu'a ne?"

"Ban daina ba, Mama."

"To me kake jira? Sai ta murɗe wa yaron wuya?"

Ya leƙa cikin ɗaki. Auta na nan inda ya bar ta da safe. Shi ma ya kwana biyu bai runtsa ba, kansa kamar ana buga guduma a ciki. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi abin da kuka ga ya dace."

Washegari yana shago suka tafi da ita. Mama ta wuce gidanta da jaririn. Da ya ce zai je ya ga matarsa, Yaya ta ce Mai Wahayi ya hana, wai ana azumi a kanta, idan miji ya shiga aikin zai lalace.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Mai Walda yana zuwa shago amma hankalinsa ba ya wurin. Ya haɗa wa wani ƙofa a karkace, mutumin ya zazzage shi tas a gaban jama'a. Wata rana da tsakar rana tartsatsin wuta ya faɗa masa a bayan hannu, yana kallo fatar ta tashi bai ko janye ba. Sai ya kashe inji, ya rataya jakar kayan aiki, ya kama hanyar coci.

Ba kowa a ciki sai bencuna. Ya durƙusa a gaba, ya buɗe baki, kalmomin addu'ar da ya saba duk suka gudu.

"Ubangiji," ya ce da ƙyar, "na rasa gabas na rasa yamma. Uwata ta ce wannan, zuciyata ta ce wancan. In na saɓa wa Mama na yi zunubi, in na bar matata ban san abin da ake yi mata ba. Ni maƙerin ƙofa ne kawai, ban san komai a kan wannan ciwo ba. Ka ba ni hikima. Ka warkar da ita, ya Yesu, ko da ni ba za ta sake kallona ba."

Kuka ya ƙwace masa, irin na babban mutum, mai fita da gurnani.

Ashe Matar Fasto na bayan mumbari tana jera furanni. Dattijuwa ce mai sanyin magana. Ta zo ta zauna a bencin da ke kusa da shi, ta bari sai da ya yi shiru.

"Ɗana, an ce mana Auta ta tafi hutawa wurin babanta. Ina take?"

Ya gaya mata komai. Tana sauraro, fuskarta na canjawa.

"Ka dube ni da kyau," ta ce. "Na yi maka kama da mai mugun ruhu?"

"A'a, Mama."

"To bayan haihuwata ta biyu, abin da ya sami matarka shi ya same ni. Na ƙi ɗana, na ji muryoyi, har rijiya na nufa. Fasto ya yi addu'a, ya kuma ɗauke ni ya kai ni wurin likita. Ciwo ne, yana da suna, yana da magani. Wanda ya ba mu addu'a shi ya ba likita ilimi. Tashi mu je yanzu!"

Gidan addu'ar yana bayan gari, katanga doguwa da ƙofar kwano. Mai gadi ya so ya hana su, Matar Fasto ta ture hannunsa ta wuce. A wata rumfa ta baya suka same ta.

An aske mata kai ƙwal. Leɓunanta sun tsattsage saboda ƙishi. Gaban rigarta ya jiƙe da nono ya bushe ya sake jiƙewa. An ɗaura mata sarƙa a ƙafar hagu, an zagaya ta da ginshiƙin rumfar, an datse da kwaɗo. Inda ƙarfen ke gugar idon sawunta ya zama gyambo.

"Auta!"

Ta dube shi kamar baƙo. "Ka zo? Sun ce kai ka ce a ɗaure ni."

Ya buɗe baki zai ce ƙarya ne, sai ya tuna abin da ya faɗa a falo. Ya zube a gabanta, ya zaro zarton ƙarfe daga jaka, ya fara yanka.

Mai Wahayi ya fito da farar riga har ƙasa, yana kaɗa ƙararrawa. "Kai wane ne da za ka kwance abin da aka ɗaure a sama? Saura kaɗan ruhun ya fita! In ka fitar da ita, jininta a kanka!"

"Mijinta ne ni," in ji Mai Walda, bai ɗago ba, zarto na ta kai da komo. "A gaban Allah na yi alkawari zan riƙe ta cikin ciwo da lafiya. Ban yi alkawarin ba wa wani ya ɗaure ta kamar akuya ba."

Sarƙar ta tsinke. Ya ɗauki matarsa a hannu, ya ji ta ba nauyi kamar ƙaramar yarinya.

A asibiti wata likita ta duba ta, ta wanke gyambon, ta sa mata ruwa. Ta ce ciwon kan sami wasu mata bayan haihuwa, kuma in aka bi magani ana warkewa, sai dai ba a rana ɗaya ba. Aka ba ta gado.

Kafin yamma labari ya kai wa Mama. Ta zo har bakin asibitin, amma ta ƙi shiga.

"Ka zaɓi mahaukaciya ka bar uwar da ta haife ka! Ka tona mana asiri!"

"Mama, ki yi haƙuri. Ki shiga ki ga ƙafarta kawai."

"Ba zan gani ba! Kuma ka ji da kyau — jikana ba zai koma hannunta ba muddin ina numfashi."

Yaya kuwa ta bi dangi ɗaya bayan ɗaya a waya, tana cewa an shanye ƙaninta.

Watannin da suka biyo baya sun yi ɗaci. Rabin yini yake yi a shago, rabi a asibiti, masu kawo aiki suka koma wurin wani. Da aka sallamo Auta, maganin ya sa ta ƙiba, ya sa ta yawan barci. Ranar da suka fara komawa coci, matar da ke bencinsu ta ja 'yarta ta matsa can ƙarshe. A bakin titi ya ji wani yana cewa, "Ga mijin mahaukaciyar nan." Duk wannan bai kai masa shirun Auta ciwo ba. Takan karɓi magani daga hannunsa, ta ci abin da ya dafa, amma ba ta ce masa komai sai i da a'a. Kowace safiya yakan durƙusa a bakin gado ya yi addu'a da ƙarfi, ya ambaci sunanta da na ɗansu. Ba ta cewa amin.

Wata safiya ya gama, zai tashi, sai ta ce, "Me ya sa ka bar su?"

Ya koma ya durƙusa. "Tsoro na ji. Na gaji, na rasa yadda zan yi, sai na miƙa ki don in huta. Ba ni da wata hujja. Sori, Auta. Ki yafe min."

"Sori?" Ta yi wata dariya mara daɗi, hawaye na zuba. "Ina ta kiran sunanka a wurin nan. Har muryata ta tafi ina kiranka."

"Na sani."

"Ba ka sani ba!" Ta yi ta dukan ƙirjinsa da hannu biyu, bai kare ba, har ta gaji ta kifa kai a kafaɗarsa. Sun daɗe a haka. Can ta ce, "Ina son ɗana."

Suka tafi gidan Mama tare da Matar Fasto. Yaron ya yi wayo, har yana zama da kansa. Auta ta durƙusa ta gaida surukarta, ta miƙa hannu. Yaron ya dube ta, ya fashe da kuka, ya maƙale wuyan kakarsa.

"Kin gani?" in ji Mama. "Ko shi ya san abin da ya sani."

Mai Walda ya yunƙura zai yi magana, Auta ta riƙe masa hannu. "Mama, kin raine shi lokacin da ban iya ba, na gode. Ba zan ƙwace shi ba. Ki bar ni in riƙa zuwa kawai."

Mama ta taɓe baki, amma ba ta ce a'a ba.

Kullum Auta sai ta zo. Ta wanke kayan yaron, ta share tsakar gida, ta zauna nesa kaɗan tana yi masa wasa da murfin kwano. Mama takan yar mata da magana, Yaya in ta zo takan ɗauke kofin da Auta ta sha ruwa ta ajiye daban. Sau da yawa Auta na komawa gida da kuka, ta ce ba za ta sake zuwa ba. Gari na wayewa sai ta sha maganinta, su yi addu'a, ta ɗaura ɗankwali ta tafi.

Wata rana Mama na fama da ciwon gwiwa, yaron ya rarrafa ya bar tabarma, ya nufi bakin murhu. Kafin Mama ta iya tashi, Auta ta riga ta cafe shi. Ya buɗe baki zai yi kuka, sai ya tsaya yana kallonta, ya kama kunnenta yana ja, ya ɓangale baki da dariya. Bai nemi sauka ba. A jikinta ya yi barci.

Mama ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta dafa bango ta shiga ɗaki, ta fito da jakar kayan yaron ta dire a gaban Auta.

"Ba ya son ruwan wanka da zafi sosai," ta ce, tana kallon wani wuri. "Kuma sai an shafa masa baya yake barci."

"To, Mama."

"Ranar Lahadi ku kawo min shi."

Ba ta nemi gafara ba, har yau kuma ba ta nema ba. Yaya ma ba ta sake taka gidan ƙaninta ba. Amma a yammacin nan Mai Walda ya dawo daga shago ya tarar da matarsa zaune a bakin gado da ɗansu a cinya, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga, yana ta maimaita, "Na gode, Yesu. Na gode."

Auta ta ci gaba da ganin likita har aka rage mata magani, daga baya aka tsayar. Duk matar da ta haihu a cocinsu, ita da Matar Fasto ne ke fara zuwa, ba don ganin jariri kawai ba, sai sun zauna sun tambayi uwar ko tana samun barci.

Ciwon da ba a gane ba, ba kullum ne mugun ruhu ba, kuma kai mara lafiya wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne. Wanda abu ya fi ƙarfinsa, ya roƙi Allah hikima kafin ya miƙa nasa ga hannun wasu, domin kalma ɗaya da aka faɗa cikin gajiya takan ɗauki watanni ana biyan ta da hawaye. Allah yana warkarwa, amma sau da yawa ta hannun mutane yake yi, a hankali, ga waɗanda suka yi haƙuri ba su saki juna ba.