Akwatin Sanyi a Ƙofar Gidan Su Surayya

A ƙaramin asibitin Karare Muntaka ya fara ganin Surayya, ta toshe baki da gefen mayafi. Aikinsa ɗaukar jinin masu ƙanjamau a akwatin sanyi, ya ɗaure a bayan babur ya kai birni, inda ake bin diddigin cututtukan da ke kama su. Ya gaishe ta, ta amsa ta cikin mayafi. Bawan Allah, wai shi ya ga mai kunya!

Da ya dame ta da saƙonni, sai ta rubuto:

"Malam Muntaka, ba kunya ba ce. Wani farin abu kamar funfuna ne ya cika mini baki. Da ƙanjamau aka haife ni, maganina ya yanke lokacin da 'yan bindiga suka kore mu daga Ruma. Ka nemi wata."

Ya amsa: "Tauraruwata, koma kan maganinki. Baki zai warke, ni kuwa ina nan daram."

Bakin ya warke. Sai dai zumuɗi ya ja shi zance daga wurin aiki, ya kafe babur a ƙofar gidansu da akwatin a baya. To, wa bai san akwatin nan ba a Karare? Kafin su gama gaisawa, Nazifi mahauci, wanda ta taɓa ƙi, ya aika da labari har Safana, garin su Muntaka.

"Duk 'yan matan garin nan," in ji Inna Mero mahaifiyar Muntaka, "sai wadda akwati ke bi har gida?"

"Inna, ni na kai shi. Likita ya ce muddin tana shan magani ba za ta shafa mini ba."

"Likitan ne ya haife ka?"

Saƙon Surayya ya fi masa ciwo: "Abin da gidanmu ya rufe tun haihuwata, ka tona a yammaci ɗaya. Ko ƙulinmu an daina saye."

Ya yi kuka, wallahi, ya roƙe ta har ta yafe masa. Ya yi ta zarya wurin kawunnansa har aka ɗaura aure, Inna na cika tana batsewa.

Ranar da amarya ta fara girki ta dama fura. Mata suka cika ɗaki, amma kallo ya kawo su. Ƙwarya ta zaga, wannan ta ce azumi take, waccan ta ce ciki ya ɓaci. Muntaka na tsaye bakin ƙofa, ya ga hannun Surayya ya sake jan mayafi zuwa baki.

Inna ma ta gani. Ta fizgi ludayin.

"Sauke mayafin nan. Sha, 'yar nan."

Surayya ta sha. Inna ta mayar da ludayin ba ɗauraya, ta kurɓa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai lafiya."

Ɗakin ya amsa da amin, amma ba wadda ta miƙo hannu. Su biyu suka shanye furar.