Matakalar Santa María

"To har yaushe, Nieves? Har yaushe?!"

"Ka rage murya, Fermín, Mama na barcin rana..."

"Shekara biyu ina rage murya!"

Nieves ta sunkuyar da kai. Tun rasuwar babanta, mahaifiyarta Doña Remedios ta sa baƙaƙen kayan makoki ta kulle kanta a gida. Ko zagayen yamma da duk mutanen garin Trujillo ke fita yi a dandali ta daina. Nieves kuwa ta rantse ba za ta sa farar rigar amarya ba muddin uwarta na cikin wannan hali. Ga shi gobe saurayin nata Fermín zai koma garinsu can arewa, kuma wannan karon ya ce ba dawowa.

"Ina sonka kamar raina," ta ce. "Amma ni kaɗai gare ta..."

Ya juya ya fice.

Ta sha kukanta har barci ya sace ta. Da ta farka rana ta yi sanyi, gida tsit. Kujerar Mama ba kowa. Sandarta ma babu!

Ta fita a guje da silifas ɗin ɗaka.

"Paquita! Kin ga Mama?"

Tsohuwar maƙwabciyarsu na zaune a ƙofar gida tana fifita. "Ta yi sama wajen ganuwa. Ni da na ɗauka ƙafafun sun yi tsatsa! Kuma fa ba ita..."

Ina! Nieves ba ta tsaya jin sauran ba. Sama ai nan maƙabartar da aka binne babanta take. Ta dinga haurawa ta lungunan duwatsu, ta wuce ƙarƙashin tsohuwar ƙofar gari, silifas ɗaya ya cire ta bar shi nan. Maƙabarta a kulle. Ta zaga cocin Santa María, ba kowa sai shamuwoyi a kan hasumiya suna ta kaɗa baki kamar masu gulma. Ta gangaro tana haki, tana kiran sunan Allah.

A dandali ta gan su.

Doña Remedios ce, da baƙar rigarta, ta saƙale hannunta cikin na Fermín a gaban duk mutanen gari, tana nuna masa wata taga da sanda.

"Daga can surukata ta sheƙa mini ruwan wanke-wanke. Da gangan, ɗana, kar kowa ya ce maka kuskure ne!"

Ɗana! Nieves ta ruga wajensu.

"Mama! Kin kusa kashe ni!"

"Ke kika kusa kashe ɗan mutane. Tsufa na yi, ban kurmance ba."

"Sallama na dawo yi mata," in ji Fermín, idanunsa jajur. "Na ce zan tafi ban ko san garin ba..."

"Shekara biyu yana sintiri, bai san komai ba sai ƙofar gidanmu! Abin kunya. Na ce taso in nuna maka." Ta ƙare wa 'yarta kallo har ƙasa. "Ina ɗaya takalmin?"

Nieves ta rasa dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun. Wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka daga ƙirjinta.

Tsohuwar ta sassauta murya. "Na hau matakalar cocin Santa María, 'yata. Tun ranar jana'izar babanki nake tsoronta. Yau na hau har bakin ƙofa, kuma ƙafafuna sun kai ni. Ranar ɗaurin aure ma za su kai ni."

"Mama..."

"Baƙin kayan nan nawa ne, ba naki ba. Ke je ki nemo farin." Ta zunguri Fermín da gwiwar hannu. "Maza kama ɗaya hannun nasa kafin ya tsere arewa. Ni na gaji da riƙe miki shi."