Iyali Suna Lafiya

Da ƙarfe bakwai da rabi na safe Injiniya Balaraba Sallau ta shiga Matatar Ruwa ta Dausayi, sai 'yar na'urar da ke maƙale a gefen mayafinta ta yi ƙyalli sau ɗaya. Cikin wannan ƙiftawar na'urar ta gaida ma'aikata ɗari uku da sha biyu. Ta tambayi kowa kwana, da gajiya, da aiki, da iyali, na'urar kowa kuma ta amsa. Balaraba ba ta ko motsa leɓe ba. Ta wuce ofishinta, ƙofar gilashi ta rufe kanta.

Sunan na'urar Amsau, ita ce kuma ta ƙera ta.

Shekara biyu da suka wuce, a 2092, hukumar matatar ta ɗora mata binciken abin da ke cinye lokacin ma'aikata. Ta bi abin a tsanake. Ta tarar da taron da ake shiga da hantsi a fito da azahar ba a yanke komai ba, da duba waya kowane minti biyar, da ɗage aikin yau zuwa gobe. Ta mai da taro na minti goma a tsaye. Ta sa saƙonni su riƙa isowa sau biyu kacal a yini. Ta karkasa manyan ayyuka ƙanana ƙanana, kowanne da ranar gama shi. Kowa ya ji daɗin wannan, har masu gunaguni.

Sai kwamfuta ta nuna mata saura abu ɗaya: gaisuwa. Minti arba'in da bakwai kowane ma'aikaci ke kashewa a kanta kullum, a bakin ƙofa, a kan matakala, a wajen alwala. Nan ta zauna ta ƙera Amsau, wadda ke ɗaukar muryar mai ita, ta yi gaisuwa a madadinsa, ta adana amsoshin ga mai son saurare. Babu wanda ya taɓa saurare. Aiki ya ƙaru, barandodi suka yi tsit.

Ranar wata Laraba tana duba alƙaluman mako, ta ga ɗakin famfo na uku ya zarce kowane sashe a yawan awoyin aiki. Baba Tanimu ne a can, dattijon da ya koya mata sauraren inji da kunne tun tana sabuwar ɗauka. Da can ƙarfe huɗu na yi yake naɗe tabarmar sallarsa, ya ce matarsa Kulu na jiransa da fura. Yanzu allo ya nuna yana kaiwa magariba.

Ta lissafa. Wata bakwai rabon da ta ji muryarsa daga bakinsa. Ta sauka.

Ta same shi zaune a kan benci, hularsa a gwiwa, yana kallon famfon.

"Salamu alaikum, Baba."

Ya ɗago a hankali. "Wa alaikumus salam. Ikon Allah! Injiniya da ƙafarta? Ko lif ɗin hawa bene ne ya ɓata da ke?"

"Kai Baba. Na ga kana daɗewa ne. Inna Kulu ba ta faɗa?"

Ya juya hular a hannunsa.

"Kulu ai jiya aka yi arba'in ɗinta."

Balaraba ta dafa bango. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba, ba wanda ya gaya mini!"

"Wa zai gaya miki, 'yar nan? Wa ya sani? Na nemi hutun kwana uku, kwamfuta ta ba ni. Na dawo." Ya nuna na'urar da ke aljihun rigarsa. "Kullum da safe wannan abar takan yi raɗa da muryata. Mutum ɗari uku su tambaye ni iyali, in ce musu suna lafiya. Ni kuwa ina zaune ina ji."

"Ai akwai maɓallin sauya amsa," ta faɗa, tana jin kunyar maganar tun kafin ta gama fita.

"Na gan shi. In danna in ce me? Mu da ko a gadon asibiti aka tambaye mu, lafiya lau muke cewa. Ba amsar ake saurare ba, Balaraba, muryar ake saurare. Ranar da mahaifinki ya kwanta, me kika ce mini a bakin ƙofar can?"

"Lafiya lau na ce."

"To. Na kuma ajiye kayan aikina na bi ki asibiti."

Ta durƙusa a kan simintin. "Ya haƙuri, Baba? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin. Na gode. Ke ce ta farko da ta yi mini ta'aziyya a matatar nan." Ya yi ɗan murmushi. "Na riga na miƙa takardar ajiye aiki. Ɗana na Nguru ya ce in koma wajensa."

"Ka ba ni mako ɗaya. Zan gyara."

"Kin iya gyara, na sani. Tashi, kada allonki ya rubuta ki cikin malalata."

Washegari Balaraba ta bar Amsau ɗinta a gida. Ta tsaya a bakin babbar ƙofa tana gaida duk mai shigowa da bakinta. Wasu suka dube ta kamar ta zautu. Wasu suka taɓa aljihunsu, suna zaton na'urarsu ce ta lalace. Wata mai shara ce kaɗai ta tsaya, ta amsa da murya a shaƙe, kamar wadda ta daɗe ba ta yi magana ba.

Har ƙarfe tara Baba Tanimu bai shigo ba.

Ta sauka ɗakin famfo na uku. Babu tabarma, babu buta. A kan benci an ajiye makullai a jere, da na'urarsa a gefe. Injin yana ta aikinsa, babu abin da ya ragu.

"Ina kwana, Baba," ta faɗa a hankali.

Na'urar ta yi ƙyalli.

"Lafiya lau, 'yar nan," in ji muryarsa, cike da fara'a. "Iyali suna lafiya."