Sawun Takalmi a Zauren Naa Jamaldeen

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka tarar da dakalin zauren fayau, babu fatar sarauta a kai. Fatar bijimi ce tsohuwa, gashinta duk ya zube, amma a ƙauyen nan na bayan Gbalahi wanda ya zauna a kanta shi ne sarki. Shekara goma sha ɗaya Naa Jamaldeen yana zaune a kai, uku daga ciki yana kuma ƙaramin minista a Accra. Yanzu yana son kujerar majalisa, doka kuwa ta ce sarkin da zai tsaya takara sai ya sauka. Ranar Litinin aka sa zai miƙa fatar ga dattawa. To ga shi babu abin miƙawa.

Kafin Sufeto Bashiratu ta iso, mutanen gari sun gama mata binciken. An yi ruwa da azahar, ɓarawon ya bar sawun jar laka a kan tayil, sawun takalmi. Kowa ya ce ɗan gari ba ya shiga zauren sarki da takalmi, saboda haka baƙo ne. Baƙon da aka gani ran nan kuwa Mutaru ne, mai raba fastocin abokin hamayyar minista. Har an kai shi caji ofis, samari kuma sun cika yalo-yalo uku, babura masu ƙafa uku, suna cewa in fata ba ta fito ba kafin gobe, gidan su Mutaru a Nyohini zai koma toka. Uwarsa da ƙannensa suna ciki.

Bashiratu ta cire takalminta a bakin ƙofa ta shiga. Sawun ya tafi kai tsaye zuwa dakali, bai yi dube-dube ba. A gindin dakalin akwai sawu biyu gefe da gefe, suna kallon ƙofa. Ta daɗe tana dubansu ba ta gane komai ba. Mai ɗaukar abu ai abin yake fuskanta.

Ta fara da Mutaru. Ya ce takardar gayyatar muhawara ya kawo da ƙarfe goma, ko hadari bai haɗu ba. Ta duba takalminsa kambas, ƙasansa zane-zane ne, na zauren kuwa sumul yake.

"Madam, ni ko a banki sai na ji kamar in tuɓe takalmi," in ji shi. "Zauren Naa zan taka?"

Sai Sidiki, ƙanin sarki, wanda ake sa ran zai gaje shi. Ya yi dariya ba daɗi, ya ce shekara goma sha ɗaya yana jiran Litinin ɗin nan, in ya saci fatar kansa ya sata. Wannan ma ya fita daga zargi. Minista da kansa ya karɓe ta a falo cikin fara'a, ya ce shi ya riga ya yafe, kada a yi gaggawa, a ɗage miƙa sarauta har a gama zaɓen fidda gwani, a yi bincike a tsanake. Ta fito kanta ya ƙara kullewa. Wanda aka yi wa sata ba ya sauri, wanda zai gaji fatar bai sata ba, baƙon kuma ya fi 'yan gida ladabi.

A tsakar gida ta tarar da Hajiya Ajara, gwaggon sarki, tana tsinkar ganyen ayoyo. Ita ke goge zauren tun zamanin mahaifinsa, ba ta yarda ko ƙuda ya yi kashi a tayil ɗin ba. Bashiratu ta tambaye ta me ya sa yau ta bar laka tun azahar.

"'Yata, ni ban yi makaranta ba," in ji tsohuwar, ba ta ɗaga kai ba. "Na bar wa masu karatu su karanta."

Bashiratu ta koma bakin zaure ta tsaya. Takalman dattawa ne jere a ƙofa, har da na Sidiki. Ta ƙirga mutanen ciki, ta ƙirga takalma. Aka samu mutum ɗaya ya ƙaru, yana tsaye yana waya, takalmin Accra mai santsi a ƙafarsa, babu wanda ya ko kalle shi.

Ta jira dattawa suka fita.

"Naa, an ce baƙo ne kawai zai shiga nan da takalmi. Ashe ku biyu ne. Kuma baƙo ba zai juya ya zauna a kan fata kafin ya naɗe ta ba."

Ya ce ta san da wa take magana? Ta ce ta sani. Ta ce lissafin ne ya ba ta wuya: in babu fata babu miƙawa, in ya ci zaɓe fata ta fito ya sauka, in ya faɗi fata ta fito yana nan sarkinsa. Motarsa ta gwamnati ce kaɗai ba a bincika ba a gidan nan. Za ta nemi makullin but a gaban dattawa, ko kuwa shi ya kira caji ofis yanzu a saki Mutaru, ya fita ya gaya wa samari da bakinsa. Maganar ƙarar ƙarya kuma dole ta rubuta.

Ya juya ya kalli dakalin.

"Na dawo ɗaukar tasbaha ne," in ji shi a hankali. "Na ce bari in ɗan zauna. Sai na kasa tashi in bar ta."

Kafin magariba Mutaru yana gida, yalo-yalo sun watse. Hajiya Ajara ta goge tayil ɗinta tas. Ranar Litinin Jamaldeen ya zo zauren da fatar a kafaɗa. A bakin ƙofa ya tsaya, aka yi ta jira ba a san me yake jira ba. Sannan ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa.