Ƙusar Alƙibla

Ranar Lahadi ce da rana. Auta na tsaye a falo tana goge farin kayan aikinta na asibiti, Umma na zaune a ƙasa tana ninke labulayen da aka sayo don ɗakin amarya, Baba kuma yana kan kujerarsa da rediyo a cinya. Sai ga Gwaggo, ƙanwar Baba, ta faɗo gidan, sallamar ma rabi ta yi ta haɗiye sauran.

"Yaya, kashe rediyon nan. Surukinka na gani yau da idona yana fitowa daga coci."

Baba ya kashe rediyon. Surukin da take nufi shi ne Dogo, mai gyaran firji, wanda saura wata guda a ɗaura masa aure da Auta. Gwaggo ta zube a kujera tana haki ta zayyana musu komai. Cunkoson motoci ne ya tsayar da ita a ƙofar cocin da ke bayan kasuwa, sai ta hango shi yana saukowa daga matakala, wata tsohuwa ta riƙe masa hannu, littafin addininsu na maƙale a hammatarsa, mutane na gaishe shi kamar ɗan gida. Ba ta yarda da idonta ba sai da ta sauka ta tambayi wata mata a bakin ƙofa. Matar ta ce ai ɗan tsohuwar ne, duk Lahadi shi ke kawo ta.

Ƙaurin ƙuna ne ya dawo da Auta hayyacinta. Dutsen guga ya ci gaban rigar, ya bar tabo baƙi. Ta san mahaifin Dogo ya rasu tun yana ƙarami. Ta san idon mahaifiyarsa ya mutu. Sau da yawa sun gaisa a waya, tsohuwar tana sa mata albarka da murya mai laushi. Baffanninsa da suka zo neman aure kuwa duk a masallacin unguwa suka yi salla tare da Baba. Bai taɓa zuwa mata a rai cewa akwai abin tambaya ba.

Baba ya dubi Auta ya tambaye ta ko ta sani. Ta girgiza kai, hawaye na sauka a kan rigar da ta ƙone. Ya ce ta kira shi yanzu.

Dogo ya zo da yamma, ya durƙusa a bakin kafet, bai musa komai ba. Ya ce mahaifiyarsa Kirista ce tun kafin a haife shi, shi kuwa Musulmi ne kamar mahaifinsa, bai taɓa haɗa Allah da kowa ba. Ranar Lahadi yakan kai ta har wurin zamanta, ya fita ya jira a mota, in an tashi ya koma ya ɗauko ta. Littafin kuwa nata ne. Tunda idonta ya tafi, shi ke karanta mata a gida.

Umma ta dafe ƙirji. "Da bakinka? Bakin da kake salla da shi?"

Ya ce e, Umma, don ba ta da wani mai karanta mata.

Gwaggo ta ce to ai magana ta ƙare, gobe 'ya'yan Auta za su tashi ba su san ko Juma'a ce ranarsu ko Lahadi ba. Baba ya ɗaga mata hannu. Shi ba mai faɗa ba ne, shi ya sa in ya yanke magana ba ta tashi. Ya ce ba zai ce Dogo ya rabu da uwarsa ba, amma in yana son 'yarsa, ƙafarsa ta fita daga cocin nan, littafin kuma ya bar hannunsa. A nemo wani daga cikin mutanensu ya riƙa yi.

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baba, ka nemi wani abu daban. Ko mene ne zan yi. Wannan kam ba zan iya ba."

Baba ya ce to shi ma ba shi da wani abu daban.

Washegari Dogo ya tare ta a ƙofar asibiti da kayan aikinsa a hannu. Auta ba ta bari ya fara ba. Ta ce ba addinin Mama, mahaifiyarsa, ne ya ƙona mata rai ba, ɓoyewar ce. Shekara biyu suna tare, ya san lambar takalminta, ya san ba ta shan shayi da madara, amma ita ba ta san wa uwarsa ke bauta wa ba sai daga bakin Gwaggo. Ya ce tsoro ne. Ya taɓa faɗa wa wata yarinya tun da wuri, ko sati ba a yi ba aka rufe masa ƙofa, shi ya sa kullum yake cewa gobe.

"Sori ba ta isa ba, na sani," in ji shi.

"Ba ta isa ba. Amma ka ji ni: ba zan saɓa wa Baba ba, ba kuma zan ce ka saki hannun makauniyar da ta haife ka ba. Da ka amsa wa Baba jiya, da ni ce zan fasa."

Daga nan gidan ya koma kamar gidan makoki. Umma ta mayar da labulayen cikin akwati. Gwaggo kullum tana hanya da sabon labari da sabon manemi, har da wani mai shagon taya da ta ce bai taɓa wucewa ta titin coci ba ko da kuskure. Auta ba ta yi yaji ba, ba ta daina cin abinci ba, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Takan yi kukanta a kan sallaya, ta wanke fuska, ta tafi aiki.

A wurin aikin ne idonta ya buɗe ga abin da ta daɗe tana gani ba ta lura ba. Likitan ɓangarensu Bahinde ne, ba ya cin nama, yakan haɗa tafin hannu in zai gaishe da tsofaffi, amma shi ne ya sa a riƙa juya gadon Musulmin da ke gargara ya fuskanci alƙibla. An taɓa kwantar da wani dattijo Bayahude wanda ba ya taɓa makunnin fitila ranar Asabar, ita da kanta ta riƙa kunna masa, ba abin da ya ragu a imaninta. Akwai wata mabiyar addinin Buda da ta roƙi a bar mijinta cikin shiru lokacin da ransa ke fita, aka bar shi. Ita kanta Auta sau nawa ta kira fasto a waya don majinyaci ya nema?

Ranar da Baba ya ce a haɗa kayan da dangin Dogo suka kawo a mayar, ta durƙusa gabansa ta faɗa masa duk wannan a hankali. Sannan ta roƙi abu guda: kada a aika, shi da kansa ya kai, ya ga matar da ake magana a kanta. In ya dawo bai sauya ba, ta haƙura har abada. Baba ya dube ta, ya ga yadda ta rame, ya amsa.

Suka tafi su uku, da Gwaggo, wadda ta ce ba za a yi babu ita ba. Dogo yana wurin aiki. Gidan ɗaki biyu ne da falo, tsaf, komai a inda hannun makaho zai same shi. A bango ɗaya akwai ƙaramin gicciye na katako. Gwaggo na ganinsa ta zauna a bakin kujera kamar za ta cije ta.

Mama ta tarbe su da fara'a, ta lalubo hannun Auta ta riƙe. Baba ya gyara murya ya fara bayani, yana zaɓen kalmomi. Bai kai tsakiya ba ta ɗaga yatsa.

"Alhaji, yi haƙuri, an kira la'asar. Ga buta a bayan ƙofa da ruwa a ciki, sallaya na kan firji. Ka nemi ƙusa a bangon can, nan ne alƙibla."

Su duka ukun babu wanda ya ji kiran sallar sai da ta faɗa. Baba ya tashi kamar wanda aka tasa daga barci. Ya nemi ƙusar a daidai idonsa bai gani ba, sai can ƙasa, daidai ƙugunsa, tsohuwar ƙusa mai tsatsa da carbi rataye a jiki.

Bayan sun idar Gwaggo ta kasa haƙuri, ta tambayi dalilin da aka buga ta a ƙasa haka. Mama ta yi dariya ta ce ai lokacin tsawon mai ita ke nan. Da mijinta zai rasu ya roƙe ta ta bar yaron a addininsa, ta ce masa ita ba za ta bar nata ba, amma ba za ta fitar da ɗansa daga nasa ba. Da suka dawo gidan nan ba ta san ina ake fuskanta ba, sai ta je ta roƙi limamin unguwa ya nuna mata, ta buga ƙusar da hannunta daidai idon yaron. Ita ta kai shi makarantar addini. Ita ke tada shi da asuba har yau, ita ke dafa masa sahur. 'Yan'uwanta sun so a yi masa baftisma, da ta ƙi suka ce ta sayar da ɗanta, suka ɗauke ƙafa. Shi ya sa ba ta da mai kai ta coci sai shi.

Auta ta kamo hannun Mama ta riƙe. Gwaggo ta saki baki.

Mama ta juyo da fuskarta wajen muryar Baba. "Na san abin da ya kawo ku, ko da ɗana ya ɓoye mini. Yaron nan ya daina cin abinci. Alhaji, ku bar kayan nan a wurinku. Na daina zuwa cocin. Karatun ma na yafe, abin da na haddace ya ishe ni. Ubangiji yana jina a ɗakin nan."

Baba ya ɗago kai. Ya dubi ƙusar, ya dubi gicciyen.

"Baiwar Allah," ya ce daga ƙarshe, "kin rasa danginki don kada ɗanki ya rasa sallarsa, ni kuma in zo in raba ki da ibadarki? Addinina bai ce ya bi ki a bauta ba, kuma bai bi ki ba. Amma ya ce ya kyautata miki muddin kina raye. Ni ne na manta rabin karatun. Lahadi ya kai ki."

Auta ta kifa kai a cinyar Mama ta fashe da kuka. Gwaggo ta share ido da gefen mayafi, ta ce ita dai har yanzu gicciyen nan yana sa ta faɗuwar gaba, amma a mayar da kayan auren mota kafin wani ya gani.

An ɗaura auren a ranar da aka sa tun farko, bayan Baba ya zaunar da Dogo ya wanke shi tas a kan ɓoye-ɓoye. Auta ta tare a gidan. Da Dogo ya ce zai cire tsohuwar ƙusar ya buga sabuwa a sama, ita ta hana. Ta ce akwai 'ya'ya masu zuwa da za ta yi wa daidai.

Haƙurin Auta bai tashi a banza ba, domin ba ta saɓa wa mahaifinta ba, ba ta kuma nemi farin cikinta a kan hawayen wata uwa ba. Riƙe addininka da gaske ba ya buƙatar ka fizge na wani daga hannunsa. Kuma kafin ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da aka hango daga ƙofa, ka shiga ɗakin ka gani.